Miji na roƙon a gyara, mata ta gaji: ina mai sulhu zai fara?

TAMBAYA: Ni malamar Islamiyya ce a Unguwar Rogo, Jos. Mata kan kawo mini kukan aurensu, wani lokaci har mazan su zo. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne idan matar ta riga ta gaji, mijin kuma yana roƙon a gyara. In yi nasiha su ce to, bayan wata biyu in ji ta yi yaji. Akwai horon da ake ba mutum a kan irin wannan?

AMSA: Malama, Allah ya saka miki da alheri. Akwai, kuma abin da za a fara koya miki shi ne kada ki ɗauki waɗannan biyun kamar abu ɗaya ya kawo su. Wadda ta ce "to" a gaban mijinta da malamarta, kunya ce ta amsa, zuciyarta tana bakin ƙofa. Nasihar "ki yi haƙuri" ta ji ta daga uwa, daga gwaggo, daga maƙwabta.

Farfesa William Doherty na Jami'ar Minnesota a Amurka ya tsara hanya ta musamman don irinsu. Zama ba ya wuce biyar, kuma ba zaman gyaran aure ba ne, na tantance mafita ne. Hanya uku ake ajiye musu: a ci gaba yadda ake, a rabu, ko a ba gyara wata shida da gaske, a jingine maganar saki kafin nan.

Yawancin lokacin, kowa shi kaɗai ake gani, kuma a ganina nan ƙarfin tsarin yake. Ita matar ba za ki roƙe ta ta zauna ba. Ki tambaye ta yaushe ta daina sa rai, me aka gwada, kuma mene ne nata kason a lalacewar zaman. Shi kuwa ki nuna masa cewa turo kawunnai biko kowane mako da yawan kiran waya ƙara korar ta suke yi. Ya saurari ƙorafinta, ya faɗi abin da zai canza da bakinsa.

Wannan bai saɓa wa abin da kike karantarwa ba. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tayar da mai sulhu daga danginsa da wani daga danginta, ta 229 a Baƙara kuma ta ambaci riƙo da alheri ko saki da kyautatawa. Hukuncin saki, idda da hul'i kuwa ki bar wa malaman fiƙihu da alƙali.

Wuri ɗaya ne ba na sassauci. Idan akwai duka ko barazana, kada ki zaunar da su tare. Ki tambaye ta a keɓe ko tana tsoronsa, a fara da tsaron lafiyarta da na yara.

Batun karatu, Jami'ar Jos na koyar da fannin ba da shawara a tsangayar ilimi, akwai kuma ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasa, CASSON. Horon tsarin Doherty ana yin sa ta intanet, amma cikakkensa na masu shaidar ƙwarewa ne. Duk inda za ki shiga, ki tambaya ko ana gwajin zama a gaban malami, ana koyar da riƙe sirri, kuma akwai ƙwararren da za ki riƙa komawa gare shi idan lamari ya fi ƙarfinki.