Me ya sa finafinan samartaka ba sa barin zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, shekaruna 46. Ina saurayi, a farkon shekarun 1990, kusan kowace yamma ina gidan bidiyo na unguwarmu ina kallon finafinan Indiya da na Canis masu faɗa. Har yau ina iya rera waƙoƙin Indiyan nan ko da yake ban san ma'anarsu ba, alhali fim ɗin da na kalla a watan jiya ko sunansa ya ɓace mini. Kwanan nan na nemo ɗaya daga cikin na da a waya na nuna wa yarana, suka yi ta dariya. Shin na da ne suka fi na yanzu kyau, ko kuwa tsufa ne ya fara kama ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsufa bai kama ka ba tukuna, kuma abin da ka bayyana sananne ne ga masu nazarin halayyar ɗan Adam. Tun a shekarun 1980 wani masani ɗan Amurka, David Rubin, da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka nemi wanda ya haura shekara 40 ya kawo abubuwan da yake tunawa a rayuwarsa, kaso mai tsoka yakan fito ne daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 da haihuwa. A wannan tsakanin ne mutum yake cin karo da yawancin abubuwa a karon farko, abin da ido ya fara gani kuwa ya fi zama a rai. Sannan sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abu kafin a karɓe shi, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, saboda haka duk abin da ya motsa zuciyar saurayi yakan shige ciki ba tare da an tsayar da shi a bakin ƙofa ba.

Sai dai a ganina wannan bayani bai cika ba idan aka manta da yadda muka yi kallon. Ni a Marwa na tashi, kuma ina tuna rumfar langa-langa mai zafi, da benci, da allon da ake rubuta sunan fim da alli a jingine shi a ƙofa, da dala biyar ɗin da nake riƙe da ita a tafin hannu har ta yi gumi. Kaset ɗaya sai mu kalle shi sau biyar ko shida, domin mai gidan bidiyon ba shi da wasu da yawa, kuma idan na'ura ta tauna zaren kaset sai a zauna ana gardama a kan abin da zai biyo baya, ko da yake kowa ya riga ya sani. Ba a rasa wani a bencin gaba da yake fassara maganar jarumi da cikakken ƙarfin hali, shi kuwa bai san ko kalma ɗaya ta Indiyanci ba. Bayan an tashi a sake ba da labarin a majalisa, washegari a kwaikwayi dukan a filin makaranta. Maimaici da taro su ne suka kafa maka waɗannan waƙoƙi. Fim ɗin watan jiya kuwa, kai kaɗai ka kalle shi a waya, sau ɗaya, wataƙila ma mai saye ya katse ka sau uku.

Batun Indiya kuma yana da nasa dalilin. Tun wajen shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suke shigo da waɗannan finafinai sinimomin Arewacin Nijeriya, kuma masani Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna cewa Hausawa sun karɓe su ne saboda sun ga rayuwa mai kama da tasu: kunya tsakanin saurayi da budurwa, ikon iyaye a kan aure, talaka da ke son 'yar mai kuɗi, sutura mai rufe jiki. Har laƙabi aka yi wa jaruman, inda Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Saurayin da ba zai iya buɗe baki ya yi zancen soyayya a gaban babansa ba, a can ya fara ganin yadda ake faɗinta.

Tasirin bai tsaya a kan ɗaiɗaikun mutane ba. Samarin da suka tashi da wannan kallo su ne suka kafa sana'ar fim ɗin Hausa a Kano daga 1990, shi ya sa waƙa da rawa da rikicin masoya uku suka zama ginshiƙinta, kuma kaset ɗinta ya iso kasuwanninmu na Garwa da Marwa da Kusiri har Njamena. A Cadi, Mahamat-Saleh Haroun, wanda ya samu kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a 2010, ya gina dogon fim ɗinsa na farko a 1999 ne a kan mutuwar sinimomin da ya sani yana yaro.

Shin na da sun fi kyau? A nan sai mu yi wa kanmu adalci, Alhaji. Akwai masu inganci ƙwarai a cikinsu, amma da yawa sakacin aikinsu a fili yake: mutum ɗaya ya kayar da ashirin hularsa ba ta faɗi ba, harsashi ba ya ƙarewa a bindiga. Wannan shi ne abin da yaranka suka gani, kuma ba su yi kuskure ba. Abin da kai kake gani a bayan hoton, wato rumfar da abokan da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, ba ya fitowa a fuskar waya. Idan za ka sake nuna musu, ka fara da ba su labarin gidan bidiyon da wanda ya biya maka kuɗin shiga ranar da ba ka da ko dala, sannan ka zaɓi waƙa ɗaya maimakon fim na awa uku. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya gano cewa ɗaliban jami'a suna da shaƙuwa ta musamman da waƙoƙin zamanin samartakar iyayensu, domin su ne suka riƙa ji a gida suna ƙanana.