Amsa: Daga Florence zuwa Siena a mota, yini ɗaya ya isa?

Malam, ka tambaya ko yini ɗaya zai ishe ka ka ratsa tuddan gonakin inabi na Chianti a Italiya. Zai isa, muddin ka yi sammako.

Ka bar babbar hanya, ka bi SR222 wadda suke kira Chiantigiana. Kusan kilomita 70 ce kawai, amma kwana ne bayan kwana, hawa da gangara, don haka kada ka yi lissafin sa'a ɗaya. Ka fara tsayawa a Greve, dandalin garin mai kusurwa uku ne, da rumfuna kewaye. Daga nan sai Panzano, kuma a ganina nan ne daɗin tafiyar yake: layukan inabi sun gangara kwari kamar an yi musu kitso, ga itatuwan zaitun jefi-jefi. Satumba ta fi, lokacin girbi, sai dai za ka sha bin bayan tarakta.

Ko ba ka shan giya, kallon kaɗai ya biya.

Abu ɗaya: kada ka kutsa da mota tsakiyar Siena. In ka ga alamar ZTL, wato yankin da aka taƙaita shigar motoci, kyamara ce ke jira, tarar kuma har gida za ta biyo ka. Ajiye motar a wajen ganuwa, ka taka da ƙafa.