Amsa: Shin sarakunan Farisa sun sa an tattara musu ilimi a littafi ɗaya?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne sarakunan ƙasar Farisa suna sa a haɗa musu ilimin addini da na ɗabi'u a kundi guda. Ƙwarai kuwa, kuma da yawa daga irin waɗannan littattafai da Farisanci aka rubuta su.

Wanda ya fi burge ni shi ne Jami'ul Ulum na Fakhruddin ar-Razi, mai tafsirin nan da malamanmu ke ambata. Ya rubuta shi wajen 1179 don Sarki Tekish na Khwarazm, wata daula a tsakiyar Asiya. Fannoni kusan 60 ya jera, shi ya sa ake masa laƙabi da Sittini. Ya fara da ilimin kalam (wato na aƙida) da usulul fiƙhu, ya ratsa tafsiri da hadisi, ya shiga likitanci da lissafi da ladubban sarauta, har wasan shaɗaranj (wato chess) bai bari ba. Kowane fanni a taƙaice, abin da sarki zai ɗan leƙa kafin ya zauna da malamai a fada, kada ya yi zuru.

Daga baya Ƙuɗbuddin Shirazi ya yi Durratut Taj ga sarkin Gilan, a arewacin Farisa, a 1306, amma nasa falsafa ta fi yawa, ga nauyi.

In kana neman makamancinsa a gida, duba nasihar da Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Ita da Larabci take, kuma shugabanci kaɗai ta shafa.