Tambayi Likita: Halin da yara ke shiga bayan mutuwar aure

Tambaya: Likita, aurena ya mutu wata biyar ke nan. Ɗana mai shekara 7 ya daina fitsarin kwance tun yana shekara 4, yanzu ya dawo da shi. Ranar da za a kai shi gidan ubansa kuma sai ya ce cikinsa na ciwo. Ko sammu ne? Daga wata uwa, Tudun Wada.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri. Fara kai shi a gwada fitsarinsa, domin ƙwayoyin cuta a mafitsara da ciwon suga duk suna dawo da fitsarin kwance, musamman in yana yawan shan ruwa yana ramewa. In gwaji ya fito lafiya, mai yiwuwa damuwa ce. Sau da yawa yaro a wannan shekarun ba ya iya faɗin abin da ke damunsa, sai jikinsa ya faɗa. Ciwon cikin ma ba ƙarya yake yi ba. Ai babba ma cikinsa kan ɗuri ruwa in ya firgita. Kada a doke shi, kada a yi masa gori gaban yara. Ya rage shan ruwa bayan magariba, ya yi fitsari kafin ya kwanta.

Sannan ki duba abin da ke faruwa a zaure ranar miƙa shi. In nan ne ke da ubansa kuke musayar yawu yana tsaye da ledar kayansa a hannu, to kawunsa ko goggonsa su riƙa kai shi. Ki zaunar da shi ki ce masa ba laifinsa ba ne kuka rabu, don yara da yawa kansu suke ɗora wa. Ki kuma tambaye shi a hankali ko wani na dukansa ko taɓa shi a can.

Tambaya: Ba na magana da tsohuwar matata. 'Yarmu mai shekara 11 nake aika da saƙon kuɗin makaranta da sauransu. Yanzu ta yi shiru, karatunta ya ja baya. Daga wani uba, Samaru.

Amsa: Malam, zan faɗa maka gaskiya don ina tausayin yarinyar nan: ka daina aikenta. Duk saƙon da ta kai, ita ke ganin yadda fuskar uwarta ta canza, ita ke dawowa da amsar da ta san za ta ɓata maka rai. Sai ta fara rage magana, tana ɓoye wannan tana gyara wancan, don kada ta rasa ɗayanku. Abin da masu binciken lafiyar ƙwaƙwalwar yara suka daɗe suna gani shi ne, rigimar da ba ta ƙarewa, wadda aka sa yaro a tsakiyarta, ta fi rabuwar kanta yi masa illa. Jikin da ke zaune cikin fargaba kullum yana yawan fitar da sinadarin kotisol, barci ya lalace, hankali ya ƙi tsayawa a aji.

In ba za ku iya magana ba, ku yi saƙon waya kan abin da ya shafe ta kawai, ko ku sa waliyyai. Ciyarwa da tufatarwa a kanka suke, kuma aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ko uba ta hanyar ɗansu. Kada ka zagi uwarta a gabanta, kada ka riƙa bugun cikinta kan wa ke zuwa zance wurin uwarta. In shirun ya wuce mako biyu, ta daina ci ko barci, a kai ta sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. In ta ambaci mutuwa, a ranar za a kai ta.

Tambaya: Jikana mai sikila ne, yana mako a wurina, mako a gidan ubansa. Sau da yawa maganinsa na tsallakewa. Daga wata kaka, Kwarbai.

Amsa: Hajiya, wannan ba ya jiran a sasanta. A ajiye magani a gida biyun, katin asibiti kuma ya riƙa bin yaron cikin jakarsa. Matar ubansa ma a koya mata: ruwa da yawa, gidan sauro, rigar sanyi lokacin hunturu. Zazzaɓi, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama ko tafin hannu ya yi fari fat, duk wanda yaron ke hannunsa ya wuce da shi asibiti, daga can ya kira ɗaya gidan.