Ana kiran suna da amana kadara?

Wani mai karatu daga Kantin Kwari ya rubuto cewa za su raba jari da abokin kasuwancinsa. Sun ƙirga atamfa da shadda, sun yi wa shago kuɗi, sai abokin ya ce saura sunan shagon da masu sayen da suka saba da shi. Tambayarsa: "Malam, waɗannan ma kadara ne a Hausa?"

A bakin mutanen da, kadara abu ne da ake nunawa da yatsa: gida, gona, fili, shanu, abin da za ka sayar ran da ta ɓaci. Jari kuma shi ne abin da ake juyawa. Masu fassarar yanzu sukan ce "kadarar da ba a gani", ba laifi, amma ban taɓa jin ɗan kasuwa ya faɗe ta a rumfa ba. Kalmar da ta fi kama abin da abokinka ke nufi ita ce lamuni.

Dubi yadda aka yi fataucin shanu a unguwar Sabo ta Ibadan a zamanin da. Falke ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigidansa, wato fatoma. Dillalan maigidan su sayar wa mahauta Yarbawa bashi, ba takarda, ba sa hannu. In mahauci ya ci kuɗin, maigida ne zai biya. Shi ya san wa ke cika alkawari, wa ke da taurin bashi. Ko saniya ɗaya ba tasa ba ce a garken, amma ran da aka daina karɓar lamuninsa, gidan ya mutu ko da ɗakunan na nan. Wannan sanin mutane da yardar da aka yi masa su ne uwar kuɗinsa.

To, abokinka bai yi son zuciya ba. Sai dai ku bambance abu biyu. Tambarin shago ana yi masa rajista, ana sayar da shi, ana gadonsa. Amana kuwa mutum take bi. In Hajiyar da ke zuwa sari daga Maraɗi don abokinka take zuwa, ranar da ya koma wani layi can za ta bi shi, ko me kuka rubuta.

Wata kuma ta tambaya ko "suna linzami ne" na nufin suna mai kyau yana jawo ciniki. A'a, 'yar'uwa. Linzami juya doki yake yi: a kira sunanka ka waiwaya, wasu kuma su ce sunan da aka raɗa wa yaro yana jan halinsa. In kasuwa kike nufi, ki ce "mutunci madara ne", wanda in ya zube ba ya kwasuwa.