Attajiri ya kewaye makiyayarmu da waya, ina mafita?

Tambaya: Ranka ya daɗe lauya, ni ardo ne a arewacin Abalak. Tun kakanni muke kiwo a wani kwari, rijiyar ma iyayenmu suka haƙa. Bana wani attajiri ya zagaye wurin da waya, ya ce yana da takarda. An ce mu kai ƙara a matsayin 'yan asalin wuri. Hakan zai yi?

Amsa: Ardo, Allah ya ba ku haƙuri. Kada ku gina ƙararku a kan "mu ne 'yan asali". Yarjejeniya mai lamba 169 ta hukumar ƙwadago ta duniya, wadda ke kare irin waɗannan al'ummomi, Nijar ba ta amince da ita ba. Al'ummar Ogiek ta Kenya ta yi nasara a kotun Afirka da ke Arusha a 2017, lauyanku na iya ambaton haka, amma alƙalin Abalak dokar gida zai fara dubawa, kuma tana goyon bayanku.

Dokar 61-05 ta 1961 ta shata iyakar noma. Abin da ke arewa da iyakar yankin kiwo ne, dukiyar ƙasa. Dokar kiwo 2010-029 ta Mayun 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne, ta kuma hana mutum ɗaya ya mallake makiyaya shi kaɗai. Sai dai ku ma ba mallaka kuke da ita ba. Abin da kundin dokar karkara na 1993 ya ba ku shi ne fifikon amfani a mazauninku na asali, inda kuke komawa kowace shekara: ku ne kan gaba a ciyawa da ruwa, amma ba ku hana baƙon garke sha. A nan da yawa ke tuntuɓe, su ce wa alƙali "ƙasarmu ce", lauyan abokin shari'a ya ce su kawo takardar mallaka, magana ta watse.

Ku fara da sarkinku, domin rikicin filin karkara sai an gwada sulhu kafin kotu. In bai yiwu ba, ku karɓi takardar rashin sulhu da sa hannu da hatimi. In babu ita, ana iya mayar da ku. Daga nan ku rubuta wa kwamitin filaye, wato Cofo, na komin da na gunduma, su zo su ga wayar, su rubuta rahoto, su faɗa ko wurin na cikin makiyayan da aka yi wa rajista. Ku nemi kwafin takardar attajirin. In sayarwa ce wani ya yi masa, ya sayar da abin da ba nasa ba. In kuma wata hukuma ce ta ba shi, neman sokewa na da wa'adi gajere, ku ga lauya cikin makon nan.

Ku tanadi shaidu: dattawan da suka ga haƙar rijiyar, makiyayan wasu ƙabilu da ke shayarwa a can, rasidin haraji, izinin rijiya in akwai, hotuna masu kwanan wata. Ku wakilta mutum biyu ko uku a rubuce, ko ku shiga ta ƙungiyar makiyaya mai rajista irin AREN. In kuɗin lauya ya gagara, ku nemi ofishin ANAJJ, hukumar ba da taimakon shari'a ga marasa hali, a babbar kotun Tahoua.

Ku ja kunnen samari kada su tsinke wayar. Ranar da suka taɓa ta, jandarma za su zo, ku da ke neman haƙƙi ku koma waɗanda ake tuhuma da ɓarna.