Imel a Inda Sabis Yake Ɗaukewa

Jiya a hanyarmu ta dawowa daga asibitin ƙauyen nan ka tambaye ni me ya sa na saka musu manhajar imel ta Thunderbird da POP3, wato tsarin sauko da wasiƙu cikin kwamfuta, alhali kowa Gmail yake buɗewa a burauza. Har ka ce tsohon yayi ne. To, zauna ka ji, ɗana.

Ni abu ɗaya nake dubawa: in sabis ya ɗauke, ina wasiƙar take? A burauza tana can sabar Google, wato babbar kwamfutarsu mai ajiye wasiƙu, kai kana nan ka zuba wa allo ido. Shi kuwa POP3, da ya fito tun 1988, ko minti uku sabis ya leƙo, zai kwaso sababbin saƙonni ya zube su cikin kwamfuta. Malamar asibiti ta karanta a tsanake, ta rubuta amsa, amsar ta kwanta a akwatin fita har sabis ya dawo. Haɗarinsa shi ne, in ba ka ce ya bar kwafi a sabar ba, gogewa yake yi bayan ya kwaso. Na taɓa zuwa wani ofis da aka kawo musu wuta da ƙarfi, kwamfutar ta ƙone, wasiƙun shekara huɗu suka tafi kenan. Ranar mai ofishin ko ruwa bai ba ni ba.

Ɗaya tsarin karɓar imel ɗin, IMAP, wanda Mark Crispin ya ƙirƙiro a jami'ar Stanford a 1986, yana barin komai a sabar, don haka waya da kwamfuta abu ɗaya suke gani. Ya dace da mai na'ura biyu ko uku. Sai dai ya cika tuntuɓar sabar, kuma in ba ka sa shi ya sauke saƙo cikakke ba, sabis na tafiya za ka tarar da kan magana kawai, babu gangar jiki.

Kafin duk waɗannan akwai wani tsari mai suna UUCP daga cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, tun ƙarshen shekarun 1970. Kwamfuta ta buga wa 'yar'uwarta waya, galibi da dare, su yi musayar wasiƙu su katse, kamar motar da ke shiga ƙauye ranar kasuwa kaɗai.

Gobe ka koma can ka duba ko na sa lamba 995 a wurin tashar POP3 cikin saitin Thunderbird, don ita ce mai kulle saƙo kada wani ya karanta shi a hanya. In ka ga 110, ka canza.